Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Akwatin Kaset na Kawu a Kasuwar Madani

A makon jiya na tsaya inda Baba ya damƙa hannuna a hannun Kawu a tashar motar Sinnar, ya ce masa ga amana nan. Shekarar 1981 ce, ina ɗan shekara 13, za ni Wad Madani koyon ɗinki. Labarin keken ɗinki zai zo a nan gaba. Yau labarin wani akwati zan ba ku, wanda ya zauna a ƙarƙashin teburin yanka tsawon shekarun da na yi a shagon.

A gidanmu na Mai Wurno ba a kiɗa. Garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, garin malamai ne da manoma. Abin da kunnena ya tashi da shi karatun allo ne, da Ishiriniya bayan isha'i, da waƙen wa'azi da tsofaffin mata kan rera suna kaɗi. Baba kuwa ko ganga ya jiyo daga nesa sai ya ce a'uzu billahi.

Kawu ƙanin Inna ne. Ya yi shekara uku yana ɗinki a Jidda, ya dawo da rikoda ƙirar National, wadda mutanen Sudan ke kira musajjal, da koren akwatin ƙarfe irin na alhazai cike da kaset. Kowane ɗaya ya rubuta masa suna da ajami a jikin takarda. Yana da tsarinsa da ba ya saɓawa: da sassafe karatun Alƙur'ani, da hantsi waƙoƙin Larabci saboda masu kawo ɗinki, bayan la'asar kuma, idan 'yan'uwanmu masu ga-ruwa da masu agashe suka taru a rumfar ƙofar shago shan shayi, sai ya ce, "Kai ɗan nan, ɗauko mana na gida."

Na hantsin su suka fara kama ni. Ga Muhammad Wardi, ɗan Nubiya daga can arewa, ga Abdulkarim Kabli, ga Muhammad al-Amin wanda 'yan Madani ke tinƙaho da shi don ɗan garinsu ne, ga Balabil, 'yan mata uku 'yan gida ɗaya, ga kuma Abdulƙadir Salim da kiɗan mardum na Kurdufan. In za a tambaye ni, har gobe Wardi ne a gaba. Muryarsa kan hau kamar ba za ta sauko ba, gogen Turawa na bin ta a baya, ina taka keke ban san na zarce layin alli ba. Sai daga baya wani makaɗin udu, garayar Larabawa, ya yi mini bayanin abin da ya sa waƙar Sudan ba ta yi wa Bahaushe baƙunta: a kan sautuka biyar aka gina ta, kamar yawancin namu, shi ya sa ta fi ta Masar saurin shiga kunnenmu.

Akwai kaset guda da Kawu ba ya bari kowa ya taɓa, na A'isha Falatiya. Duk ranar da wani ya kira shi Fallati, sunan da mutanen Sudan ke kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma, da sigar raini, ba ya tanka masa. Sai ya sa kaset ɗin, ya bari mutumin ya fara kaɗa kai, sannan ya ce, "Ka san ko 'yar wace ce? A Kassala aka haife ta, amma iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka zo. Ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Omdurman." Ta rasu tun 1974, amma a shagonmu kullum tana nan.

Na bayan la'asar kuwa, su ne suka nuna mini ƙasar da ban taɓa gani ba. Ba a sayar da su a kanti. Ta hannun mahajjatan ƙasa suke zuwa, masu biyowa ta Maiduguri, Abashe, Janaina da Niyala. Mutum zai kwana biyu a Madani, Kawu ya ari kaset ɗinsa ya kwafa. Kwafin kwafi ne, shuuu ɗin da ke ciki ya kusa yin yawan kiɗan, amma haka muke kasa kunne. A bakin Mamman Shata na fara jin sunayen Funtuwa, Malumfashi da Bakori, har na riƙa zana su a raina da irin gidajen Sinnar. A wurinsa kuma na gane Hausarmu ta sha Larabci, don sai ya faɗi kalma mu dubi juna, sai wani tsoho mai ga-ruwa, mutumin Katsina, ya fassara mana. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa na talakawa ne, shi leburorin auduga na Jazira suka fi nema. Ɗanƙwairo na sarakuna ne, ana sa shi Kawu kan gyara zaman hula. Barmani Coge da kiɗan ƙwaryarta kuwa matar Kawu ta ƙwace ta, ba ta ƙara dawowa shago ba.

Kula da su aikina ne. In rikoda ta tauna zare, ni ke zaro shi a hankali, in sa biro a ramin in naɗe. In ya tsinke, in datse bakin biyu da reza, in liƙe da jan farce, in hura har ya bushe. Wajen nan waƙar kan yi ɗan tsalle har abada. Batir kuma in ya yi sanyi, muryar Shata ta soma ja kamar mai jin barci, sai in jera su a rana kan rufin kwano.

Da babbar Sallar 1984 na roƙi Kawu aron rikodar zuwa gida. Na jira Baba ya fita, na shiga ɗakin Habboba, mahaifiyarsa. Tana kishingiɗe a kan angarib, gadon nan na igiya, da carbi a hannu. An taso da ita daga ƙasar Haɗeja tana ƙaramar yarinya a bayan jaki, ba ta ƙara komawa ba. Na danna. Kalangu na tashi ta ajiye carbin a cinya.

"Maigidana, ƙara murya," in ji ta.

Na ƙara. Ta yi shiru har na ɗauka barci ya sace ta. Can ta ce, "Kiɗan mahauta ke nan. Ran kasuwar garinmu a rumfar fawa ake yin sa. Ina goye a bayan yayata nake jin sa." Hawaye na bin kuncinta ba ta share ba. Ina ɗaga kai sai ga Baba tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu. Cikina ya ɗuri ruwa. Ya dubi rikodar, ya dubi mahaifiyarsa, ya tsaya a nan har waƙar ta ƙare, sannan ya juya ya tafi alwala. Har ya bar duniya bai taɓa tayar mini da zancen ba.

Washegari Habboba ta ce tunda wannan abu yana riƙe magana, tana son aika saƙo ga ƙaninta da ke Makka. Ba ni da kaset wanda ba komai a cikinsa. Na cusa takarda a ɗan ramin da ke hana ɗauka, na ɗora muryarta a kan Shata. Ta gaishe shi, ta lissafa masa waɗanda suka rasu, ta roƙe shi gafara. Alhajin da muka ba ya dawo mana da kaset ɗin bayan wata biyar, ya tarar ƙanin nata ya riga mu gidan gaskiya. Ita ma ta bi shi a 1988, shekarar da ambaliya ta ci Khartum.

Daga 1989 abubuwa suka sauya. Sojoji suka karɓi mulki, Wardi ya yi zaman gudun hijira sai 2002 ya dawo, aka ƙayyade wa bukukuwa ƙarfe 11 na dare. A 1994 aka daɓa wa mawaƙi Khojali Usman wuƙa a Omdurman, ya rasu. Rasuwar Shata kuma a watan Yunin 1999 a Sashen Hausa na BBC muka ji ta, ranar Kawu ya rufe shago tun azahar.

Akwatin ya dawo hannuna bayan rasuwar Kawu. Da yaƙi ya iso Madani a watan Disambar 2023, muka fita da kayan jikinmu, na bar shi a ƙarƙashin gado. Guda ɗaya na sa a aljihun jallabiya. Yanzu a nan Kassala ɗana kan nemo mini waƙoƙin nan a waya, tas da su, ba shuuu, ba tsalle, ina saurare ina jiran inda na liƙe da jan farce, ba ya zuwa. Kaset ɗin aljihuna kuwa har yau ban sami rikodar da zan sa shi ba. Amma na san shi da ka: Habboba za ta yi sallama, ta ce "Allah ya sada mu", a ji ƙas, sai kalangu ya ɗora daga tsakiyar waƙa.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da Kawu ya fara ba ni almakashi in yanka yadin mutane da hannuna.