Ba kowace ƙafa mai inci 28 ce ke hawa tsohon Raleigh ba

Keken Raleigh ne da na gada wajen mahaifina, irin mai birkin ƙarfe da babbar kariya a baya. Buhun masara na ɗauko a kai, ƙafar baya ta faɗa rami, rim ya lanƙwashe ta yadda ba ɗaurin sifok da zai miƙar da shi. Cire ƙafar ba aiki ba ne ga wanda ya saba riƙe sifana. Wahalar daga wajen saye ta fara.

Na shiga rumfar wani mai kayan kekunan gwanjo, na ce ƙafar baya nake nema, inci 28. Ya zaro wata mai ƙyalli, ya nuna mini lambar da ke jikin tayar. "Alhaji, ga shi nan, ashirin da takwas. Ɗauka kawai." Na biya, na dawo gida cike da murna.

Da na zo sa tayata, wadda sabuwa ce fil, sai ta riƙa lilo a kan rim kamar rigar aro. Ashe inci 28 iri biyu ne. Na tsofaffin Raleigh da Phoenix shi ne 28 x 1½, faɗin da'irar rim ɗinsa milimita 635. Na yawancin kekunan Turai da ake shigo mana da su milimita 622 ne, shi ma kuma 28 suke rubutawa. Bambancin milimita 13 kacal, amma ya isa ya hana taya zama. Lambar gaskiya tana nan a gefen taya, 40-635 ko 37-622, kuma mutumin da sana'arsa ke nan ba zai ce bai san da ita ba. Abin da ke ci mini rai har yanzu ke nan.

Ko da na haƙura da tayar da ta zo da ƙafar, ga matsalar birki. Birkin ƙarfe ba gefen rim yake matsewa ba, jan robar yake sama ta kama cikin rim, dama da hagun sifok. Shi ya sa rim ɗin waɗannan kekuna, wanda ake kira Westwood, yake da faɗi da tudu a tsakiya. Wannan siririn na gwanjo ba inda robar za ta kama, sifok kawai take duka. Da na hau shi haka da kaya, Allah kaɗai ya san inda zan tsaya.

Na mayar wa mai rumfar da ƙafar, ya ce kaya in ya bar rumfa ya fita ke nan.

Wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu ne ya fitar da ni. Ya juya tsohon hob, wato cibiyar ƙafar da ake ɗaura sifok a kai, a hannunsa ya ce, "Ɗana, wannan aikin Ingila ne, kar ka yar. Rim kawai za mu canza." Sai ya sa ni ƙirga ramuka: 40 ne a baya, 32 a gaba, yadda ake ƙera su a Nottingham a da. Rim mai rami 36 ya fi yawa a kasuwa, kuma ba zai ɗauru da hob mai 40 ba. Sai da muka sha yawo kafin muka samu Westwood mai 40.

Ya wanke hob da kananzir, ya zuba sabon boris da giris, ya ɗaura sifok ɗaya bayan ɗaya yana murza ƙafar yana saurare. Ni na mayar da ita, na ja notin sarƙa na ɓangarorin biyu daidai, na bar wa sarƙar ɗan sassauci kamar kaurin yatsa. Birki ya kama tun matsin farko.

Duk mai irin wannan keke, ya tafi kasuwa da tsohuwar ƙafar a hannu, a jera ta da sabuwar a gabansa, ya ga 635 da idonsa kafin ya ciro kuɗi. Waccan ta gwanjo tana rataye a zaurena, ban samu mai saye ba ko a rabin kuɗinta.