Inda na kai da kalmomin mugunta a Turanci

'Yan uwa masu koyon Turanci, makon nan na zauna ne a kan kalmomin da Bature ke siffanta mugun mutum da su, da kishiyoyinsu. Ƙaramin ƙamus duk "mugu" yake ba ka, alhali mu kanmu mun san maƙetaci daban, azzalumi daban, fasiƙi daban.

Na raba shafin littafina gida biyu, sharri a hagu, alheri a dama. Waɗanda suka fi saurin zama a kaina su ne masu farawa da male da bene, daga Latin, tsohon harshen Rumawa, ma'anarsu mummuna da kyakkyawa: malevolent mai nufin sharri, benevolent mai nufin alheri, malefactor mai aikata laifi, benefactor mai taimako. Amma ba kullum layin ke tafiya daidai ba. Vice da virtue, wato mugun hali da nagarta, kishiyoyi ne, to sai dai vicious ta karkata zuwa tsananin kai farmaki, har kare mai cizo ana ce masa vicious, ita kuwa virtuous tana nan a kan nagarta.

Tarihin ne ya fi riƙe ni. Evil tsohuwar kalmar Ingila ce. Bayan da Normawa daga Faransa suka ci ƙasar a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, ta nan cruel da malice da villain suka shigo, kamar yadda Larabci ya kawo mana zalunci da adalci. Villain kuwa asalinta ɗan ƙauye ne mai yi wa mai ƙasa noma. Masu mulki suka yi ta raina shi har sunansa ya koma na mugu. Wallahi abin ya taɓa ni, shi ya sa na rubuta wannan asalin a gefenta.

Yanzu ba na haddace kalma ita kaɗai, sai da abokiyar tafiyarta. Heinous kusan kullum da crime take zuwa, babban laifi irin kisan kai, ba a ɗora ta a kan ƙaramar ƙarya. Naughty ta yara ce masu ƙiriniya. Ku kula da wicked, domin matasan Ingila kan faɗe ta wajen yabo, irin yadda muke cewa abinci ya yi mugun daɗi.

Ɓangaren dama ne bai cika ba tukuna. Na sa upright da decent da righteous, kuma mako mai zuwa zan bi self-righteous, don ita zargi ce ga mai ganin ya fi kowa tsarki. Wanda ya ci karo da ita cikin jimla mai kyau ya turo mana.