Kafin ka cire turmin yaro

Wani matashin ma'aikacin haƙori na gani zai cire turmin baya a bakin yarinya 'yar shekara 6. Uwar ta tambaye shi ko da matsala, ya ce, "Hajiya kwantar da hankalinki, ai na famfara ne, wani zai fito." Wannan maganar mu ma mun daɗe muna gaya wa iyaye ita.

Wani zai fito, gaskiya ne, amma yaushe? Turmin yarinta na biyu ba ya faɗuwa da kansa sai tsakanin shekara 10 da 12. Idan ka cire shi a shekara 6, giɓin zai yi shekara huɗu ko fiye yana jira, kuma ba zai jira a buɗe ba. Turmin dindindin na farko, wanda ke fitowa a bayansa wajen shekara 6, zai riƙa matsowa gaba. A muƙamuƙin ƙasa kwantowa yake yi, a na sama kuwa ya matso yana juyawa. Mafi yawan gurbin a wata shidan farko yake tafiya. Ranar da magajin ya tashi fitowa sai ya tarar an cinye masa wuri, ko ya maƙale cikin ƙashi, ko ya ɓullo ta wajen harshe ko ganɗa.

Mun cire irin waɗannan haƙoran ba adadi, muka danna auduga muka sallami yara. Ina iya kare kanmu: layi har waje, yaro ya zo da kumburin kunci bai yi barci ba, babu mai lanƙwasa wayar riƙe gurbin haƙori a kusa, uban kuma ba zai kashe kuɗi kan haƙorin da yake ganin na zubarwa ne ba. Duk haka ne. Amma bayanin minti biyu ba ya cin ko sisi, shi ma ba mu yi ba. Yaran sun dawo da shekara 12 haƙora sun hau juna, gyaransu sai wayar daidaita haƙori ta shekara biyu. Ku kuwa matasan ma'aikata yanzu kuna da na'urar hoto a ɗaki ɗaya da ku, kuna da bidiyon kowane aiki a wayarku, amma sai sauri kamar ana korarku.

Ka ɗauki hoto tukuna. Ka tabbata magajin yana nan, domin akwai yaran da ba a halicce su da shi ba. Ka duba kaurin ƙashin da ke kansa: a ƙiyasi, kowace milimita ɗaya tana ɗaukar wata huɗu zuwa biyar. Idan ƙashin ya tafi, saiwar magajin ta kai kashi biyu cikin uku, ba sai an riƙe masa gurbi ba, ya kusa fitowa. Idan kuma turmin yarintar zai cetu, ka kwashe ɓargon saman, wato jijiyar da ke cikin kansa, ka rufe shi da hular ƙarfe, ka ajiye filayarka.

In cirewa ta zama dole a gefe ɗaya, zobe da madauki ne aikin, don su riƙe wa magajin gurbinsa. Ka gwada zoben ƙarfe a haƙorin bayan giɓin har ya kama tsam, ka ɗauki awon baki da zoben a ciki, a zuba filasta a fitar da siffar. A lanƙwasa waya mai kaurin milimita 0.9, a like ta da zoben, ƙarshenta ya tokare haƙorin gaba. Madaukin ya yi faɗin da sabon haƙori zai fito ta tsakiyarsa, kada kuma ya zauna a kan dasashi. A manne da simintin gilas mai fitar da fulorayid, haƙori a bushe. Idan gefe biyu ne a ƙasa, waya ce za ta bi bayan haƙoran gaba daga turmi zuwa turmi, amma sai haƙoran gaban dindindin sun fito, don ta wajen harshe suke ɓullowa, wayar za ta tare su.

Za ka sa wa kowane yaron da ya rasa turmi da wuri? A'a, ban da wanda ba ya goge baki, ban da wanda ka san ba za a dawo da shi ba. Siminti yana zaizayewa, zobe ya yi sako-sako, abinci ya shige ƙarƙashi, turmin dindindin da ka jingina da shi ya ruɓe ba wanda ya gani. Wayar ma kan karye a mahaɗa ko ta nutse cikin dasashi. Ka gaya wa uwar ƙarara: babu cingam, babu alawa mai danƙo, kada ya riƙa wasa da wayar da yatsa, a kawo shi duk wata shida, kuma da zarar kan sabon haƙori ya leƙo ta cikin madaukin a zo a cire ƙarfen.