Abin da Ultima Online ya koya wa masu tsara wasa

Duk wanda ya daɗe yana tsara wasannin intanet da dubban mutane ke shiga lokaci guda ya san labarin dajin Ultima Online, wasan da ya fito a 1997, Raph Koster na jagorantar tsarinsa. An gina daji mai rai: barewa ta ci ciyawa, kerkeci ya ci barewa, in nama ya yi ƙaranci dodo ya fito neman abinci kusa da gari. Da aka buɗe ƙofa, 'yan wasa suka bi dabbobin da kisa tun kafin su hayayyafa. Dole aka cire tsarin, galibinsu ma ba su san an taɓa yin sa ba.

Ɓarnar da ta fi ciwo tana wajen dukiya. An ƙayyade yawan ƙarfe, itace da ulu a duniyar, da nufin in takobi ya lalace ƙarfensa ya koma rumbu a sake haƙowa. Lissafin ya zauna daram a takarda. Abin da aka manta shi ne halin ɗan Adam na tarawa. Mai koyon ɗinki ya ɗinka riguna jibgi don ƙwarewarsa ta hau, ya kai gida ya jibge, ba ya sawa, ba ya yarwa. Rumbu ya ƙafe. Aka cire ƙayyadewar, aka buɗe famfo, kuɗi suka yi ta kwarara, ga masu kwafin zinare, wato kuɗin wasan, ta ɓarakar manhaja, farashi ya tashi har sabon shiga ya rasa ta inda zai kama.

Maganin ba ya da armashi, shi ya sa manya ke ƙin ware masa ma'aikata. Kowace rana ka ƙirga zinaren da ya shigo da wanda ya fita, kowace kafa daban: ganimar dodanni, ladan aika, sayar wa 'yan kasuwar cikin wasa da kwamfuta ke sarrafawa, sannan gyaran makami, harajin kasuwa, kuɗin gida. Ka dubi abin da ɗan wasa na tsakiya ya mallaka, domin attajirai kaɗan suna karkatar da matsakaicin lissafi. Kowane kaya mai daraja ka ba shi lambarsa shi kaɗai, in ta bayyana wuri biyu ƙararrawa ta buga. Musayar kaya kuwa ko ta kammala gaba ɗaya ko ta warware gaba ɗaya, saboda yawancin kwafi na faruwa ne yayin tsallaka iyakar saba biyu, wato kwamfutocin da ke riƙe da duniyar wasan, ko saba ta faɗi tsakanin ajiyar bayanai ɗaya da ta gaba. Kamfanin CCP ya ɗauki masanin tattalin arziki domin wasansa na EVE Online a 2007, kuma a ganina ya yi daidai. Abin takaici, wanda ya hana a yi wannan aiki ba shi ake kira ba ranar da kasuwa ta rushe, mai tsari ake kira.

Gwajin ma'aikata hamsin ba ya nuna abin da baƙi dubu goma za su yi. Kada ka saki gyara a jajibirin hutu, kuma kada ka saki wanda ba ka da hanyar janye shi.

Kada ka ƙwace wa mutum abin da ya shekara yana ginawa. A Nuwamban 2005 aka rage sana'o'in da ɗan wasa ke iya zaɓa a wasan Star Wars Galaxies daga sama da 30 zuwa 9 da sanarwar kusan mako biyu. Masu kiwon dabbobi suka wayi gari babu sana'arsu, da yawa suka tafi, aka rufe wasan a Disamban 2011.