Daga Kwangila zuwa Krakow da Biyana: hanyar mai neman digiri na biyu a fannin tsaro da ci gaba

Da asuba na shiga mota a Kwangila don in riski jirgin ƙasa na safe mai zuwa Abuja a tashar Rigasa ta Kaduna. Tsakanin Zariya da Kaduna kilomita 80 ne ko kusa da haka, amma wanda ya san hanyar da aikin titi da shingayen jami'an tsaro yake lissafi, ba da kilomita ba. Tikitin jirgin ta intanet ake saye, kuma sai da lambar NIN, ƙa'idar da aka tsaurara bayan harin 28 ga Maris 2022 wanda ya tsayar da jirgin har zuwa Disamba. Tsaro da ci gaba zan je karantawa a Turai, a birnin Krakow na ƙasar Polan, ga darasin farko ya tare ni tun ban bar jiharmu ba.

Jakar takardun da ke kan cinyata ta fi akwatin kaya cin lokaci. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar da ta sa hatimi ɗaya ke wadatarwa tsakanin ƙasashe, don haka shaidar digiri da takardar sakamako sai sun bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadanci, a jere haka. Wanda ya tsallake ɗaya za a mayar da shi baya. Abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne suna: a WAEC an rubuta Muhammad, a digiri Mohammed, a fasfo kuma an sa sunan gari a ƙarshe. Mu a wurinmu mutum ɗaya ne, su a wurinsu uku ne. A gyara wannan da rantsuwar kotu tun kafin a nemi gurbin karatu. Bizar ɗalibi ta Polan, wadda ake kira nau'in D, ba ta wuce shekara ɗaya, kuma ana neman inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar Yuro 30,000.

Daga Abuja babu jirgin da ke zuwa Krakow kai tsaye, sai an yada zango. Ni ta Istanbul na bi. Na sauka a ƙarshen Satumba, tunda shekarar karatu a Polan ranar 1 ga Oktoba take farawa. Kuɗinsu zuloti ne, ba Yuro ba, kuma canji a filin jirgi asara ce, gara mutum ya haƙura har cikin gari.

Jami'ar Jagiellonian ta Krakow, inda na yi karatun, an kafa ta a 1364, kusan shekara 600 kafin ABU ta buɗe a 1962. Karatun shekara biyu ne, zango huɗu, kowane zango maki 30 na ECTS, tsarin lissafin makin karatu na Turai, jimla 120. Maki ɗaya yana nufin aikin awa 25 zuwa 30, kuma mafi yawansa ba a aji yake ba, a ɗakin karatu yake. Wanda ya saba da haddar handawut zai sha mamaki, domin a nan ana ba ka shafuka ka karanto, a zauna a yi ta musu a kansu. Tun makonnin farko aka shiga rahoton 1994 na UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya ce tsaro bai tsaya ga iyakar ƙasa da bindiga ba, ya haɗa da abinci, lafiya, tattalin arziki, muhalli, ran mutum, al'ummarsa da 'yancinsa na siyasa. Manomin Giwa da ya bar gonarsa ba shuka saboda tsoron daji ya riga malaman sanin wannan. Bambancin kawai su sun ba abin suna, sun kuma san yadda ake auna shi. A nasu ɓangaren, yaƙin Yukren da ke maƙwabtaka da su ne ya cika musu ido. In ka kawo zancen Tafkin Chadi da rundunar haɗin gwiwa mai hedikwata a Njamena, ajin zai yi tsit ana saurare, don haka kada ka je hannu rabbana. Kafin tafiya, ka zauna a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke ABU, ka leƙa Arewa House da gidan adana tarihi na Kaduna, ka kwafo abin da kundinka zai buƙata.

Sai batun zangon waje, wato zango ɗaya da ake yi a jami'ar wata ƙasa, wanda shi ne inda ake faɗuwa. Ta Erasmus+, shirin musayar ɗalibai na Tarayyar Turai, ake tafiya, kuma ana neman gurbi tun a shekarar farko. Akwai takardar yarjejeniyar karatu da mutum uku ke sa wa hannu: kai, jami'arka, da jami'ar da za ta karɓe ka. A ciki ake jera kwasa-kwasan da za ka ɗauka can da waɗanda za su maye a gida. Kwas ɗin da ba ya cikin takardar, ko ka ci shi da daraja ta ɗaya, ana iya ƙin lissafa maka. Kuma sau da yawa za ka isa ka tarar an soke wani, ko ya cika, ko da Jamusanci ake koyar da shi, sai a gyara takardar cikin makonnin farko. A duba kalanda ma. Jami'o'in Suwidin da Finland suna buɗe zangon bazara a Janairu, lokacin da jarrabawar Polan ke kankama.

Babban ramin shi ne katin zama. Idan bizarka ta kusa ƙarewa, za ka nemi katin daga ofishin lardi; a lokacina hatimi ake buga wa mutum a fasfo, shaidar cewa ya nema. Hatimin yana halatta maka zama a Polan kaɗai, ba ya ba ka izinin shiga wata ƙasar Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu. Katin kuwa yana ɗaukar watanni. Wanda ya jinkirta har bazara, Oktoba za ta zo gurbinsa na jira a wata ƙasa shi kuma ba halin tsallakawa. Mai katin a hannu, dokar Tarayyar Turai ta ba shi damar zama har kwana 360 a ƙasa ta biyu a ƙarƙashin irin wannan shiri, sai dai wasu ƙasashen suna son a sanar da su tukuna.

Na zaɓi Biyana, babban birnin Ostiriya, saboda kundina a kan safarar ƙwayoyi da makamai a Sahel yake, kuma can ne mazaunin UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka. Jirgin ƙasa daga Krakow kimanin awa shida ne, yana ratsa ƙasar Cek ta Ostrava da Breclav. Ba shinge a iyaka, amma 'yan sanda kan shigo tarago su nemi takardu, saboda haka fasfo da kati su kasance a aljihu. Da isa, doka ta ba ka kwana uku ka yi rajistar adireshi, da fom ɗin da mai gida ya sa wa hannu. Tallafin Erasmus+ ba ya ɗaukar haya da ci a wannan birni, ga kuɗin ajiya da ake biya kafin a ba ka makulli, kuma tallafin ba duka ake ba ka a farko ba.

Cibiyar Majalisar Ɗinkin Duniya tana tashar Kaisermühlen a layin U1, ana shiga da fasfo. A garin ne kuma hukumar makamashin nukiliya ta duniya IAEA da ƙungiyar tsaro da haɗin kan Turai OSCE suke, da OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, wadda Najeriya ta shiga a 1971. Amfanin zaman a tarukan da ake buɗe wa ɗalibai yake, inda za ka tambayi wanda ya rubuta rahoto yadda ya samo alƙalumansa. Juma'a a babban masallacin Floridsdorf nake yi, nama kuma a kasuwar Brunnenmarkt. A Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba duk su faɗo cikin lokacin darasi, sai ka nemi lungun da za ka shimfiɗa darduma tun makon farko. Agogonsu na hunturu daidai yake da na Zariya, kiran gida ba ya buƙatar lissafi.

A ƙarshen Janairu na soke rajistar adireshi, na karɓi shaidar kwanakin zama da takardar sakamako, domin sai da su ake sakin ragowar tallafi a kuma shigar da makin. Na kama jirgin safe zuwa Krakow, saura zango ɗaya da kundi mai babi biyar.