Godiya ga Malaman da Suka Buɗe Ƙofar Ajinsu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, zaman koyi da juna na malaman kwalejinmu ya kai ƙarshen zangon karatu lafiya. Mu da aka ɗora wa nauyin shirya shi muna miƙa godiya, kuma za mu fara da malaman da suka yarda wani ya shigo ajinsu ya zauna a baya da takarda da biro. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san nauyin wannan, balle dattijo mai furfura ya bar ɗalibinsa na jiya ya zo ya duba shi. Iyayenmu malamai, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yan'uwa daga wasu makarantu a nan Kano sun yi ta tambayar yadda ake yi, to ga shi. Rukuni kada ya wuce mutum 6. Da ya kai 10, mutum biyu ne za su riƙe magana, sauran su koma danna waya. A gauraya sassa, malamin lissafi ya duba na Hausa, domin wanda ba fanninsa ba ne ba zai tsaya gyara maka darasi ba, idonsa na kan ɗalibai. Zama sau ɗaya a mako biyu ya isa, awa ɗaya da rabi, tsakanin azahar da la'asar, ban da Juma'a.

Kafin shiga aji, mai ajin da mai duba su zauna minti 15, mai ajin ya faɗi abu ɗaya tak da yake so a duba masa. Mai duba ya riga ɗalibai shiga, ya zauna a layin ƙarshe, inda murya ke dusashewa kuma rubutun allo ke ƙanƙancewa. Ya zana taswirar kujeru, duk ɗalibin da ya yi magana ya ɗiga masa alama a gurbinsa. Ana tashi za ka ga alamomin sun cunkushe a layi biyu na gaba, wani lokaci ɓangaren mata fayau, ko ɗigo babu. Ba a rubuta "darasi ya yi kyau" ko "bai yi ba". Lokaci ake rubutawa da abin da ya faru: 10:12 Malam ya yi tambaya, 10:12 Malam ya amsa abarsa.

Wannan na malam ya yi tambaya ya amsa abarsa shi ya fi yawan fitowa, kuma ba mu kaɗai ba ne. Tun 1972 Mary Budd Rowe, mai bincike a Amurka, ta nuna cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa 1 ne bayan sun yi tambaya, kuma in aka ja jiran zuwa daƙiƙa 3 ko fiye, amsa takan ƙara tsawo, masu ɗaga hannu su ƙaru. Daƙiƙa 3 a gaban cikakken ɗakin lacca tana da tsawo ƙwarai, shi ya sa sai da wani mai agogo a baya kafin malam ya yarda ba ya jira.

Takardar nan ta mai duba ita ta warware mana matsalar kunya. A tarbiyyarmu ƙaramin malami ba zai dubi babba ya ce ya yi kuskure ba, kuma ba ma so ya fara. Amma zai iya karanta abin da ya gani, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, daga 10:20 zuwa 10:45 na baya sun ajiye biro, ko me ya faru?" A yi wannan zama na mai duba da mai ajin cikin kwana 2, tun ajin yana sabo a ka. Mai ajin ne zai fara magana, ya zaɓi gyara guda, a dawo duba shi bayan mako 3. In aka lissafo gyara biyar, ko ɗaya ba za a yi ba.

Shugabannin sassa, godiyarku ta musamman ce, domin kun ba da dama sannan kuka ja gefe. Da zarar mai cika wa mutum fom ɗin APER, wato fom ɗin auna aikin ma'aikaci na shekara, ya zauna a rukuni, kowa zai kawo darasin da ya fi ƙwarewa a kai, ya ɓoye wanda ke ba shi wuya, aikin ya tashi a banza. Saboda haka takardar duba aji hannun mai ajin take komawa, ba a ajiye kwafi, ba ruwanta da ƙarin girma. Haka bidiyon gwajin darasi na minti 10, irin wanda muke sa ɗalibanmu na NCE su yi: a kalla tare, a goge a gaban mai shi.

Ɗalibai da wakilan aji, mun gode da 'yan takardun ƙarshen lacca, waɗanda kuke rubuta inda kuka gane da inda kuka ɓace ba tare da suna ba. A babban aji ba sai malam ya karanta duka ba, 30 da ya ɗebo sun isa su nuna masa inda zai faro gobe.

Muna godiya ga jami'in jadawali da ya nemo mana gurbi, da masinjan da ke buɗe ɗaki ya share kafin mu iso, da malamai mata da suka jure duk da ɗauko yara daga makaranta, da Hajiyar da ba ta taɓa barin zaman ba zoɓo mai sanyi ba. Allah ya biya kowa.

Kuskurenmu ɗaya ba za mu ɓoye ba: mun sa zama biyu na ƙarshe a lokacin makin jarrabawa, rabin kujeru suka zama wayam. Laifin tsarinmu ne, a yafe mana. Zango mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu fara a mako na 3 mu rufe kafin jarrabawa. Mai son shiga ya ba wakilin sashensa suna, ya zo da darasin da ya fi ba shi wahala.

Wassalam.