Shafi na 6 ya zauna, bayan na yaga shi sau huɗu

Wajen ƙarfe 1 na daren jiya na ajiye alƙalami, na jingina shafi na 6 na komik ɗin da nake zanawa da bango, na ja baya ina kallonsa kamar wani ne ya zana. Mako uku ke nan wannan shafi yana wasa da hankalina. Waɗanda suka ga hoton da na sa a watan jiya, inda Kirfa ke tsaye a tsakiyar wuta dogarai na zube a ƙafafunta, ku manta da shi. Yana kwandon shara.

Kirfa ita ce wadda nake bugawa a teburinmu na D&D, wato Dungeons & Dragons, wasan tatsuniya da kowa ke ɗaukar jarumi ɗaya ana jefa ƙwayar lido: tifilin mai ƙaho da wutsiya, 'yar titi daga unguwar tashar jiragen ruwa ta birnin Baldur's Gate na cikin wasan, wadda ta ƙulla yarjejeniya da wani ifiritu don samun tsafi. Sha'awar zana asalinta ta shige ni ne daga komik ɗin Vox Machina Origins, wanda Dark Horse suka fara fitarwa a 2017, inda aka koma baya aka nuna jaruman Critical Role, wani shirin wasan D&D, tun kafin a fara haska wasansu a intanet a 2015. Na ce shafi 8 kacal zan yi: biyu na yarinta, biyu na sata, biyu na yarjejeniya, biyu na gudu. Wannan tsari bai kai ko'ina ba, satar kaɗai ta cinye uku.

Da na gama shafin wutar na farko, da rawar jiki na tura wa DM ɗinmu, wato mai jagorantar wasan. Amsarsa ta zo cikin minti biyu: "Mutumina, zane ya yi. To amma wannan wace ce? Don ba ita ce ke zama a teburina ba."

Na ji haushi, har na kwana ban ba shi amsa ba. Da safe na ɗauko takardar Kirfa na duba, sai jikina ya yi sanyi. Mataki na 1 take, makin ranta (yawan raunin da za ta iya ɗauka kafin ta faɗi) 9. Dokokin 2014 muke bi, shi ya sa tana da ubangidanta ifiritun tun daga farko (a littafin 2024 sai mataki na 3 ake zaɓarsa), amma gurbin tsafi ɗaya tal gare ta, in ta kashe shi sai ta huta na awa guda kafin ya dawo. Tsafin hannun wutar da nake taƙama da shi ƙafa 15 yake kaiwa, ƙwayar lido uku ake jefawa, wato a tsaka-tsaki raunin maki 10 da rabi yake yi. Dogari ɗaya a littafin dodanni makin ransa 11 ne. Ni kuwa na zana ta tana feshin wuta sau uku a jere, ta kwantar da mutum goma sha biyu. Yarinyar da a zamanmu na farko ɗan ƙaramin dodon gobilin guda ya kusa aika ta lahira!

Gwaji na biyu na rage dogaran zuwa uku. Ƙarya ce dai, an rage mata tsawo. Na uku na cire wutar gaba ɗaya, na bar ta tana magana da inuwa a akwatin zane shida, shafin ya mutu murus, ni kaina hamma na yi. Na huɗu ban ma so in tuna shi, na cika shi da baƙi don ɓoye abin da na kasa warwarewa, takardar ta jiƙe ta kumbura. Kuma duk a kan takardar zane ta Bristol nake wannan ɓarna, saboda girman kai ya hana ni yin ƙananan zanen gwaji a takardar banza. Naira 14,000 na sayi kundin, ga shi falle huɗu sun tafi a shafi ɗaya. Har yanzu abin na ci mini rai.

Mafita ta fito ne daga layin ƙarshe na bayanin tsafin, wanda na karanta ya fi sau ashirin ban lura ba: wutar tana kama duk abin da zai iya ci a wurin, muddin ba a jikin wani yake ba ko a hannunsa. To ina Kirfa take tsaye? Cikin rumbun ajiyar kayan jirgi, ga igiyoyi, ga buhuna, ga gangunan kwalta. Ashe ba sai ta yi ƙarfi ba. Feshi ɗaya ya isa, sauran aikin rumbun ne zai yi, kuma ba ta da ikon tsayar da shi.

Ga yadda shafin yake yanzu. Akwatin sama dogo ne siriri: tafukanta biyu a buɗe, manyan yatsu a haɗe, wutar ta fita. Dogarin bai faɗi ba, ya dai kare fuska da hannu, gemunsa na hayaƙi. Akwati na biyu ta sake miƙa hannun, babu komai. Wannan na fi wahala a kansa, domin yatsun nake so su nuna tsoro ba fuskar ba, sai da na ɗauki hoton hannuna a waya ya fi sau talatin. Na uku ƙarami ne ƙwarai, bakin igiya ne kawai ya kama. Rabin shafin na ƙasa kuma rumbun ne yana ci, ita 'yar mitsitsiya a kusurwa tana gudu, hannu ɗaya dafe da ƙirji. Ɓeranta ne a cikin rigar. Duk wanda ya zaɓi 'yar titi ya san kayan da littafi ke ba shi: 'yar wuƙa, taswirar gari, abin tunawa da iyaye, da ɓera. Na kuma bar mata ƙuna a kafaɗa, tunda tifilin rabin zafin wuta yake ji, ba wai ba ta taɓa shi ba ne.

Ifiritun ban zana shi ba sam. Hayaƙin na lanƙwasa ya yi kamar yatsu biyar a saman rufin, wanda ya gani ya gani. Na yi sa'a kuma 6 shafin hagu ne, sai an juya takarda ake cin karo da shi. Umma ta leƙo da safe ta ga mai ƙaho a jingine da bango, ta ce "A'uzubillahi, wannan kuma fa?" Na ce tatsuniya ce, Umma. Ta ce to in juya ta ta kalli bango.

DM ya turo kalma ɗaya: "Yauwa."

Saura rubutun cikin kumfar magana, kuma nan ma na ci karo. Duk salon haruffan komik da na sauke na zuba a manhajar zane ta Krita babu Ƙ, Ɗ da Ɓ a ciki, sai su fito da wani salo daban ko ɗan akwati fanko, ga shi maganar farko a shafi na 7 "Ɓace daga nan" ce. Na gwada ɗora wa B ƙugiya da hannu, ta fito kamar an kafa mata ƙaho ita ma. In akwai wanda ya samu salon da ke da su a manyan baƙaƙe, don Allah ya taimaka mini kafin Asabar, in ba haka ba rula zan ɗauka in ja layi in rubuta shafi takwas ɗin nan da hannu.